Kuɗɗi Na Nan

Ran nan bayan la'asar muna majalisa a gindin darbejiya nan Shinaka, sai wani ɗanmu da ke karatun duwatsu a jami'a ya zo da labarin da ya sa shayi ya huce a hannunmu. Wai akwai dabbar da duniya ta sani da sunan Goronyo. Muka ce rago ne ko raƙumi? Ya ce ƙaton ƙadangaren teku ne, dangin su guza da damo, mai dogon baki irin na kada, wanda ya yi iyo a nan inda muke dashen albasa da tafarnuwa fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, zamanin da teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato. Wani Baturen Birtaniya mai suna Swinton ya fara bayanin ƙasusuwansa a 1930, daga baya masanan Italiya suka zo suka tono wasu har da ƙoƙon kai, a 1972 suka raɗa masa suna Goronyosaurus. An yi suna ba a yanka rago ba, ko goro ba a aiko mana ba. Taloka da Dukamaje da Wurno da muke zuwa cin kasuwa da gaisuwar mutuwa kuwa, ashe sunayen shimfiɗun duwatsu ne a littattafan masana.

Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To yanzu ina dodon yake, yaro?" Yaron ya ce, "Baba, yana gidan adana kayan kimiyya na jami'ar Fulorans, an buga masa lamba, an shigar da shi littafi." Nan fa majalisa ta ɗauki zafi. A maido muna abinmu! Ai ko Yamai suna da gidan tarihi na Boubou Hama da ƙasusuwan irin waɗannan dodanni a tsaye, mu me ya rage mu? A gina gida, a kafa ƙungiya, a buɗe asusu. Muna cikin zanen ginin da tsinke a ƙasa, sai mai shayi, da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Wa za shi riƙe kuɗɗin?" Kowa ya koma kurɓar shayinsa mai sanyi.

Don mun san kanmu. Wajen bayarwa ba a fi mu ba. A ce za a gyara rufin masallaci, ko gina rijiya, ko katange maƙabarta, ko a tallafa wa waɗanda ruwa ya ci kamar ambaliyar 2010 da ta kwashe gonaki da gidaje a ƙasar Goronyo, za ka ga talaka ya kwance bakin aljihu, tsohuwa ta kwance haɓar zane. Ranar ƙaddamar da asusu kuma sai a kafa rumfa, a ɗauko lasifika, babban baƙo ya yi alkawarin miliyan, a tafa masa na miliyan, maroƙi ya wasa shi na miliyan. Abin da ya shigo hannu ranar, in an biya hayar kujeru da man janareta da lemon manyan baƙi, sai ya rage na siminti buhu biyu. Alkawari kaya ne, amma mu mun iya sauke shi a bakin rumfa mu wuce.

Ma'aji kuwa ba ma zaɓarsa don ya iya lissafi. Muna zaɓar wanda ba mai iya kallon idonsa ya tambaye shi. Mai binciken kuɗi, in ma an naɗa, surukinsa ne, kuma kun san suruki ba ya ɗaga kai gaban suruki balle ya ce a buɗe littafi. Littafin ma na yaran firamare ne mai shafi arba'in, rabinsa lissafin ƙungiya, rabinsa bashin taki. In ka dage sai an kawo shi, a ce gara ta taɓa shi, ko damina ta jiƙa shi, ko yana hannun sakatare, sakatare kuma ya tafi cin rani. In ka miƙe a taro ka ce, "Ina kuɗɗin da munka tara bara?" kafin ka zauna an tuno maka wanda ya biya sadakin ubanka. Amsar ɗaya ce tun muna yara: "Kuɗɗi na nan." Suna nan ɗin, kamar yadda dodon Goronyo yake nan, sai dai ba mai ganinsa.

Ban ce ana ci ba fa, kar a kai ni gaban hakimi. Sau tari ma'ajin bawan Allah ne: wannan ya zo matarsa na naƙuda, wancan ya zo injin ban ruwansa ya tsaya albasa na ƙonewa, shi kuma ya ara musu "kafin kasuwa ta ci". Masu aron nan mu ne. Shi ya sa ranar taro muke fi kowa cewa a bar kaza cikin gashinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ke ba ni dariya, mu ɗin nan fa gwanayen lissafi ne. Je ka kasuwa ka ga mutuminmu yana cinikin buhun tafarnuwa da dillali, naira hamsin ba ta ɓace masa. Shiga cikin gida ka ga littafin biki: wadda ta kawo turmin atamfa shekara tara da suka wuce an san ta, an san launin atamfar, an san abin da za a mayar mata ranar nata bikin. Uwar adashi ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana riƙe da zubin mata talatin a ka, ta san mai kwasa wannan mako da mai kwasa bayan Sallah, kuma wadda ta yi lattin zubi za ta ji sallama tun kafin ta ɗora koko. Kuɗin mutum ɗaya na da ido goma. Da an ce na Allah ne ko na jama'a, sai kunya ta rufe mu duka.

Yaron nan ya ƙara mana da cewa gidan kayan halittu na Landan, inda Swinton ya yi aiki, shiga kyauta ne, amma duk shekara sai ya buga lissafinsa, abin da gwamnati ta bayar, abin da masu kyauta suka bayar, abin da aka kashe, babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya duba, a ajiye gaban majalisa. Dattijon nan ya girgiza kai ya ce, "Ashe ba su yarda da junansu ba." Yaron ya ce ai mu ma dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ƙungiya mai rajista ta riƙa kai bayanin kuɗinta hukumar rajistar kamfanoni. Muka ce madalla, shi ya sa tamu ƙungiyar ba ta da rajista.

Duk da haka ba mu tashi hannu rabbana ba. An kafa kwamitin maido da dodo, an yi karo-karon sayen littafi mai kauri da biro biyu, kuma da yake ni na fi kowa surutu a kan gaskiya da riƙon amana, ni aka naɗa ma'aji. Na rubuta sunaye a bayan kwalin suga, na sa a aljihun rigar da aka kai wanki washegari. Da mai shayi ya tambaye ni ran Juma'a, ban san lokacin da bakina ya ce "Kuɗɗi na nan" ba.

Da na koma gida na ba uwargida labari, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗe. Ta lissafo mini mutum goma sha ɗaya da suka biya, da uku da suka ce sai kasuwa ta ci, da ɗari biyar ɗin da na ara na sayi katin waya. Majalisar ma ba ta je ba, ta bayan katanga ta ji.