Zazzaɓin Babur Bayan Kaka

Da an gama girbin masara da shinkafa, buhuna suka tafi kasuwa, kuɗi ya shigo aljihu, akwai zazzaɓin da ke kama mazan Badafi da kewayenta, kuma ba sauro ke kawo shi ba. Zazzaɓin sayen babur ne. Babur kuwa a wannan yanki, ko ya so ko ya ƙi, aiki biyu zai yi: da safe ya hau kwalta ya nufi Kwanar Dangora ko Tudun Wada, da yamma ya gangara burtali, ya ratsa yashi, ya tsallake rafi zuwa gona. Wanda bai taɓa riƙe kan mashin ba, sai ga shi zai zaɓi wanda zai iya duka biyun. A nan halin kowa ke fitowa.

Akwai Mai Tambaya. Tun 2013, shekarar da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, yake jin farashi. Ya tambayi bakanike, ya tambayi mai faci, ya tambayi mai shayi wanda ko keke ba shi da shi. Duk shekara yakan tara kuɗin babur ɗin bara. Ya san bambancin Boxer da Jincheng fiye da dillalan 'Yan Babura na Fagge, amma har yau a bayan mashin ɗin ƙaninsa yake zuwa ɗaurin aure, yana ba shi umarni daga baya.

Sai Mai Lissafin Buhu, manomi ɗan shekara hamsin da ɗoriya. Shi bai damu da launi ba, bai damu da fitila ba. Kariya yake fara jijjigawa, sannan ya danna kujera da gwiwar hannu ya ji ƙarfin shokazoba, ya ce, "Yaro, buhu nawa yake ɗauka?" In aka ce biyu, ya riga ya ƙudura uku, da akuya a kan tanki. Irin wannan kusan kullum a kan Boxer yake ƙarewa, mashin ɗin kamfanin Bajaj na Indiya, mai injin sisi 100 da doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya kamar benci. Kuma gaskiya bai yi wauta ba. Ba ya shan mai sosai, kayan gyaransa kuwa ko a rumfar bakaniken ƙauye ana samu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, tambayar shan mai ta zama ta farko a bakin kowa. Abin da Mai Lissafin Buhu ya manta shi ne bai iya tuƙi ba tukuna. Ranar farko ya ɗora taki buhu biyu, ya saki kuloci gaba ɗaya, gaban mashin ya ɗaga sama kamar dokin hawan daushe.

Ango kuwa roba-roba yake so, ja, mai sheƙi, kuma ba zai cire ledar kujera ba sai ta yage da kanta. Ga mai koyo, ba laifi: babu kuloci a hannu, ƙafa na kaiwa ƙasa, ga sauƙin nauyi. Jikan Super Cub ne, wanda Honda ta fitar a 1958, aka ƙera fiye da miliyan 100 zuwa 2017. Sai dai cikinsa kusa da ƙasa yake. A watan Agusta, in taɓo ya cika hanyar fadama, sai ka ga ango ya naɗe ƙafar wando, ya rataya takalmi a madubi, yana tura amaryar tasa ta biyu.

Wanda ya fi kowa ban dariya shi ne Ɗan Waya. Ya kwana kallon Turawa a YouTube suna hawan duwatsu da dogayen babura masu taya mai haƙora, ya rantse irinsa zai saya, har duwatsun Riruwai zai hau, ya ratsa dajin Falgore ya dawo. Kuma irin wannan mashin akwai shi. Yamaha ta ƙera AG100 a 1973 domin manoman Ostireliya, da kariya gaba da baya da sarƙa a rufe, daga baya ma'aikatan lafiya da na gona suka yi ta amfani da shi a ƙauyukan Afirka. A takarda, babu babur ɗin da ya fi dacewa da wannan yanki. Ɗan Waya ya samo wani dogo na hannu daga birni, ya hau, yatsun ƙafarsa na lilo ba su taɓa ƙasa ba. Tsayawa sai a gefen dakali. Bayan wata biyu wani abu ya lalace a injin, bakanike ya juya shi, ya juya shi, ya ce, "Oga, wannan kam sai dai a aika Legas." Yanzu kaji ke kwana a kansa.

Mai Son Banza ba ya ɗaukar lokaci. An ce masa ga babur rabin kuɗi, mai shi na sauri ne. Rasit fa? Yana gida, za a kawo. Bai duba lambar inji ba, bai nemi shaida ba, dillalin ma ko la'ada bai tsaya ja ba. Mako uku yana zagaya gari, ranar kasuwa wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bawan Allah, ina ka samu mashin ɗina?"

Akwai kuma Malam, dattijo mai mutunci, wanda ya sayi sabo dal a kwali amma kunya ta hana shi koyo da rana. Sai bayan isha'i, a filin makarantar firamare, da ɗan ƙaninsa na gudu a baya yana riƙe da kariya.

"Baffa, birki! Birki na ce, ba totur ba!"

"Kai, rage murya, mutane na ji."

Mutane kuwa sun ji tun daren farko. Da asuba a masallaci kowa ya ga babbar riga da tabon salansa, kowa ya yi kamar bai gani ba. Hular kwano kuwa, duk cikinsu shi kaɗai ya saya, ba don tsoron jami'an hanya ba, don kada a gane fuskarsa ne.

Bakaniken bakin hanya duk ya san su, kuma tambayoyinsa ba sa canzawa: ƙafarka na kaiwa ƙasa? In ya faɗi, za ka iya ɗaga shi kai kaɗai? Fulogi da sarƙa da tayarsa, akwai su a Kwanar Dangora? Mai Lissafin Buhu ya ce zai iya ɗaga shi har da buhun. Ɗan Waya ya ce ai a bidiyo ba ya faɗuwa. Mai Tambaya ya gyara zama a kan benci, ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ya ce a sake faɗa masa farashin bana.