Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yar Ƙwaron Cikin Ɓaure

Baiwar Allah,

Na rubuto ne daga Ƙofar Gayan, a madadin duk wanda ya taɓa ɓare ɓaure ya leƙa cikinsa ya fasa ci.

Ƙorafinmu tsoho ne. Kina kutsawa ta 'yar ƙofar bakin ɓaure, matsin ya karya miki fukafukai, ki zuba ƙwai cikin furannin da ke ɓoye, kowane furen da kika zuba wa ƙwai ya kumbura ya zama ɗakin ɗanki, sannan ki mutu a gidan mutane. Babu sallama, babu kuɗin haya. Mazajenku kuwa sai addu'a: ba su da fukafukai, a cikin duhu ake ɗaura musu aure, su huda wa amare hanyar fita, su mace ko kasuwa ba su taɓa zuwa ba.

Har na ɗauki hula zan tafi wurin mai unguwa, masana suka tare ni. Wai sunanki na boko Ceratosolen arabicus, kuma ke ce mai ɗauko garin fure daga wani ɓauren, in babu ke babu iri. Hujjarsu Masar: can akwai ɓaure amma ba kya nan, sai dai a dasa reshe, manoma kuma su tsaga 'ya'yan da wuƙa don su nuna. Wani bincike na 2009 a Namibiya ya gano iska tana iya kai ki har kilomita 160, kusan Zariya zuwa Kano, ke da duk kwananki a waje bai wuce biyu ba. Ranki ya daɗe, ashe Hajiya ce.

To, ke kin biya haya. Amma 'yar'uwarki Ceratosolen galili fa? Ta shigo, ta haihu, ba ta kawo wa ɓaure komai ba. Cima-zaune ce, mun san irinta a kowane gidan biki. Ki ja mata kunne.

Danginku na nesa da ke kan itacen oak a Halab ma sun bar abin tunawa, don da ƙululun da suke tayarwa a jikin itacen aka daɗe ana dafa tawada. Ku sai ƙaiƙayin maƙogwaro.

Roƙonmu ɗaya: ku riƙa kwashe kayanku kafin yara su taso daga makarantar allo, kuma ku tafi da gawar mazajenku.

Naki,
Wani mai cin ɓaure ido rufe,
Ƙofar Gayan, Zariya.