Ƙafarmu a Daɓe, Idonmu a Bene

Mu mutanen Bacirawa, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, ba mu san shuka don kallo ba. Duk abin da ka gani tsaye a tsakar gidanmu, to ko ana cinsa, ko ana jiƙa shi a sha don shawara, ko ana zama a ƙarƙashinsa, ko kuwa rabon akuya ne. Zogale yana bakin rariya inda ruwan wanke-wanke ke bi, lalle yana can kusa da makewayi yana jiran ranar biki, gwanda ta fito da kanta a inda yara suka zubar da 'ya'yanta, kabewa kuma ta haye danga ta je ta haihu a gidan maƙwabci, a kwashe kaka guda ana gardamar ko ta mai shuka ce ko ta mai fili. Ka kawo wa uwargida fure mai ƙamshi ka ce ta dasa, tambayar farko da za ta yi maka ita ce, "Malam, ana miya da shi?" In ka ce a'a, sai ta ce to a mayar wa masu ruwan famfo abinsu.

Shi ya sa in ɗayanmu ya shiga Nasarawa ko Bompai a cikin Kano, can inda Turawan mulki suka keɓe wa kansu unguwa, ya leƙa ta ƙofar gidan wani attajiri ya ga ciyawa kore shar a tsakiyar watan Maris, an ɗauki mutum ana biyansa albashi yana ba ta ruwa safe da yamma, sannan a kawo inji a aske ta a kwashe a kai bola, ranar tuwo ba ya shiga masa da daɗi. Da magariba za ka ji shi a dandali yana rantsuwa: "Wallahi Yaya, ciyawar da na ga an zubar yau za ta riƙe mini tumakina har Babbar Sallah." Kuma gaskiyarsa ne. Mu da muke ɗora harawa a kan rumfa da cikin rassan bishiya, muna ƙirga damin da ido kullum za mu fita, yaya za a yi mu fahimci mutumin da ke noma ciyawa don ya yar? Al'adar daga Ingila ta zo, ƙasar da ruwan sama ba ya yanke mata. Mu kuwa damina wata huɗu ce in ta yi kirki, daga Yuni zuwa Satumba, saura wata takwas sai rijiya da guga.

Adon gidanmu tsintsiya ce. Tun kafin rana ta fito za ka ji ƙarar shara daga kowane gida, tsakar gida ta yi fes, ƙofar gida a yayyafa mata ruwa a share har sawun tsintsiya ya fito a kan rairayi. To amma fa kowa ya san iyakarsa, shara tana kaiwa daidai bakin katangar maƙwabci sai hannu ya gaji, a tara masa a nan a ce iska ce ta kawo. Shi ma gobe ya turo ta dawo. Kafin azahar kaji sun tone, awaki sun yi barbaɗinsu, yara sun baje ɓawon gyaɗa, washegari a sake ɗaukar tsintsiya ba tare da an yi wa kowa ƙorafi ba. Kuma abin da aka share ba ya ɓata mana rai, domin toka da kashin awaki da ƙaiƙayi duk juji ake tara su, rani ya yi a loda wa jaki a mangala a kai gona. Da wannan taki, da wanda ake ɗaukowa daga cikin birni, gonakin kewayen Kano suke ba da gero da dawa shekara bayan shekara ba hutu, abin da ya sa wani Bature mai bincike, Michael Mortimore, ya zauna ya yi nazarin ƙasar nan a shekarun 1960. Abin da ya ɓata mana lissafi yanzu leda ce. Ita ba ta ruɓa, ba ta zama taki, tana bin juji ta je gona, akuya ta ci ta kumbura, mu kuma gobe mu sake karɓo ƙosai a cikinta.

Sai maganar gini, a nan ne fa halinmu yake fitowa fili. Ka zauna da kowane dattijo zai yi maka yabon ginin da. Zai gaya maka yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana tsimuwa, a mulmula tubali a shanya, a jera azara ta giginya wadda gara ba ta iya mata, a yi wa bango makuba ta ɓawon ɗorawa, a kafa zankwaye a kusurwar soro, a fitar da indararo. Zai kawo maka Gidan Rumfa da ke tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kawo maka masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. In ya taɓa yin fatauci zai ƙara da cewa kowace ƙasa da hannunta: Zazzagawa su ne masu zane a fuskar gida, ka ga dagi, ka ga takobi, ka ga keke da agogo an fito da su a jikin bango, mutanen Damagaram a unguwar Birni su kuma sai sun shafa wa zanen launi, a Yama ta ƙasar Tawa kuwa wani magini, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Duk zai faɗa maka wannan yana kaɗa kai. To ka aiko neman auren 'yarsa mana. Tambayar da za a fara yi wa waliyyinka bayan gaisuwa ita ce, "Ɗakin da za a sa ta, na bulo ne ko na ƙasa?"

Mu kuma da ba mu da ƙarfin bulo mun samo dabara. Bangon da ke kallon hanya shi ake yi wa yaɓen siminti, a shafa masa fenti shuɗi ko ruwan ƙwai, sauran ɓangarori uku a bar su da jar ƙasarsu, tunda baƙo ba ya zagayawa baya. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa da gaske, ruwan Agusta ya samu 'yar kafa ya shiga tsakaninsu, wata safiya a tashi a ga fuskar gida ta zube gaba ɗaya, an dawo gidan jiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma mu ba ma jin kunyar sake sayo buhu biyu bayan kaka.

Wanda Allah ya buɗa wa, ya kai wake ko riɗi Dawanau ya dawo da aljihu cike, shi ba ya tsayawa a yaɓe. Hoto zai nuna wa magini a waya, gidan da ya gani a Maitama ko Asokoro, ko wanda ƙaninsa ya turo masa daga Lekki, ya ce irin wannan nake so. Sai ka ga ginshiƙai biyu farare a ƙofar gida ba su ɗauke da komai, ka ga rufin kwano ya yi tsini ya tashi sama har ya fi ɗakin da ke ƙarƙashinsa tsawo. Mutanen kudu suna da hujjarsu, ruwa ke zuba musu kusan shekara, dole rufi ya yi gangare ya zubar. Mu me muke zubarwa a watan Afrilu? Inuwar giginya ce, na nesa ka sha: mai wucewa a hanya ya ga kyau ya yaba, mai ɗaki kuwa bazara ta yi, kwano ya ɗauki zafin rana ya ajiye masa, ƙarfe goman dare ya kwaso tabarma da matashi ya fito waje, ya tarar da mu mun riga shi shimfiɗa. Tsohuwar da ta ƙi barin soronta na ƙasa ita kaɗai ke barcin rana a ɗaki a garin nan, da hunturu kuma ita ce ba ta neman garwashi.

Muna yi wa 'yan kasuwar ƙasar Ibo dariya, wai suna gina katafaren bene a ƙauyensu ba sa kwana a ciki sai Kirsimeti. To mu fa? Wa ya taɓa ganin falon Alhaji a buɗe in ba ranar Sallah ko suna ba? An sa tayil, an yi silin, an jera kujeru ledarsu ma ba a cire ba, an ajiye furen roba a kan tebur, an kulle, makulli yana aljihun babbar riga. Maigidan yana waje a kan dakali ko a kan buzu a gindin darbejiya, nan yake cin tuwonsa, nan yake karɓar gaisuwa, nan yake sauraren rediyo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, namu dai kukan a ƙasa ake yinsa, ƙafa a miƙe.

Kada a manta da rodin da muke bari a saman gini yana kallon sama, alamar cewa bene na nan tafe in Allah ya yarda. Yaron da aka haifa shekarar da aka kafa shi har ya yi kaciya ya shiga makarantar allo rodi na nan, an mayar da shi wurin ɗaura igiyar shanya. Tulin yashin da aka sauke a ƙofar gida shi ma ya zama na jama'a: yara su yi ta birgima a kai, mata su aiko a ɗebo musu kwano guda na suyar gyaɗa, maƙwabci ya ɗebi baro ɗaya da dare ya ce aro ne. Sannu ba ta hana zuwa, haka muke cewa, kuma ba wanda ya isa ya yi wa wani gori don kowa da nasa kangon.

Abin da yake damuna da gaske zaure ne. Tunda birni ya fara matsowa, dillalai suka shigo da awon igiya, gonar da kaka ya bari aka yanka ta fuloti-fuloti, kowa yana lissafin taku. Wurin da ya kamata a yi zaure sai a fitar da shago a ba da haya, a sa ƙyauren ƙarfe mai ƙara. To a zaure ne baƙo ke sauka ba tare da ya ga matan gida ba, a nan almajiri ke fakewa in ruwa ya tare shi, a nan ake ɗaura aure, a nan ake zaman makoki, a nan ake sasanta ma'aurata ba a ji a waje ba. Gidan da ba zaure, baƙonka yana tsaye a rana yana buga ƙarfe da dutse har sai an ji. Ranar rasuwa kuma sai a tare hanya da rumfar haya. Haka nan itace. Kakanninmu ba sa sare gawo a gona don sun san da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya ba dabba abinci. Ba sa taɓa kuka da ɗorawa da tsamiya, har rabon gado ake yi da su. Mu jikokinsu sai mu sare bishiyar da ta girme mu don a shimfiɗa intalok, ƙasa ta daina shan ruwa, kwata ta cika ta koma gidan na ƙasa da mu, sannan da rana ta take mu ɗauki kujera mu tafi inuwar maƙwabcin da bai sare tasa ba, har mu ce masa, "Baba, Allah ya saka da alheri, bishiyar nan taka akwai sanyi."

In kuwa mun tashi dasawa, darbejiyar nan da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ita muke nema, don ba ta jin fari kuma akuya ba ta cika damunta ba. Amma ba ma dasa ta a tsakiyar fili inda za ta ci mana wuri. Daidai kan iyaka muke kafa ta, inuwa ta faɗo mana da yamma, saiwa ta bi ta ƙarƙashin katangar maƙwabci. Shi kuma ya rama da indararo, ya juyo bakinsa ya saita gindin bangonmu. Ruwan farko na sauka sai gaban mai unguwa, kowa da shaidunsa, a yi ta "ranka ya daɗe, tun zamanin mahaifina a nan ruwan yake bi." Mai unguwa ya saurara, ya ce a rage reshe, a karkata indararo, a yi musabaha. Ba a rage reshen, ba a karkata indararon, ranar Juma'a kuma matan gidajen biyu su miƙa wa juna kwanon dambu ta saman katangar da ake rigima a kanta.