Ciwon Lissafi a Kasuwannin N'Djamena: Asalinsa, Ire-irensa da Maganinsa

Ciwon lissafi larura ce da ke kama mai saye da mai sayarwa daidai lokacin biyan kuɗi. Ta yaɗu a kasuwannin N'Djamena, tun daga Babbar Kasuwa da ke gefen masallacin Sarki Faisal har zuwa Kasuwar Gero da Dembe da Digel. Alamominta uku ne: ɗaga kai sama ana motsa leɓe, lalubar waya a aljihu, da kiran maƙwabcin rumfa ya zo ya yi shaida. Ba ta kisa, amma tana ramar da aljihu.

Asalin cutar yana cikin kuɗin kansa. Kuɗin da ake kashewa a Chadi sefa ne, wanda bankin BEAC ke buga wa ƙasashe shida na tsakiyar Afirka, daga takardar 500 zuwa ta 10,000. Sai dai abin da aka rubuta a jikin takarda daban, abin da baki ke faɗa daban. A Larabcin Chadi, wanda shi ne harshen kasuwa, da riyal ake ƙirga, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne, daidai da dalar Hausawan Maraɗi da Damagaram. Gado ne na zamanin da ake ciniki da azurfar Mariya Tireza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda tsabar faran biyar ta Faransawa ta gaji sunanta. Azurfa ta tafi, ta bar wa jikoki ninkin biyar. Saboda haka duk ciniki a birnin jarrabawa ce mai takarda biyu: idan mai tumatir ta ce miya, wato ɗari, 500 take nufi, idan kuma mai atamfa ya ce alif, wato dubu, 5,000 ke nan.

Masu fama da larurar sun kasu gida huɗu.

Na farko shi ne baƙo. Yakan ji miya ya yi murmushi, ya miƙa tsabar sefa 100 yana yaba arahar Chadi. Mai kaya takan dubi tsabar, ta dube shi, ta janye tumatirinta ba tare da ta ce uffan ba. Idan baƙon ɗan Kano ne ko ɗan Maiduguri da ya biyo ta Gamborun Ngala da Kusiri ya haye gadar Ngeli, aikinsa ya zama hawa uku: riyal zuwa sefa, sefa zuwa naira, naira kuma a farashin da ya baro shekaranjiya, wanda tuni ya canja. Irin wannan yakan kammala lissafinsa bayan wani ya saye kayan.

Na biyu shi ne yaron kanti mai waya. An sayi sabulu uku a kan 350 kowanne, an ba shi takardar 2,000. Zai ciro waya, ya share fuskarta a riga, ya danna, ya sami 1,050. Zai sake dannawa don tabbatarwa, sannan karo na uku don kada shaiɗan ya shiga tsakani. Cutar takan kai maƙura idan mai saye ya tausaya masa, ya ɗora tsabar 50 a kan teburi ya ce, "Riƙe wannan, sai ka ba ni dubu ɗaya cif." Nan take yaro zai daskare. Zai dubi 50 ɗin da zargi, ya tura ta baya da ɗan yatsa ya ce, "A'a, Alhaji, kuɗinka sun isa." Daga nan ya fita neman canjin 950 rumfa rumfa, layi na jiransa a rana.

Na uku shi ne gwanin tayi. An ce masa albasa kashi ɗaya 150. Zai tsuke fuska, ya yi kamar zai tafi, ya dawo ya ce magana ɗaya ce, a ba shi kashi uku a 500, in ba haka ba a bar shi. Mai albasa, wadda ta san uku ɗin 450 ne, takan yi ajiyar zuciya ta ce ya ɗauka don albarkacin safiya, har ta ƙara masa gyara. Shi kuwa ya koma gida yana ba iyali labarin yadda ake karya 'yan kasuwa.

Na huɗu shi ne ɗan boko. Ya haddace cewa yuro ɗaya sefa 655.957 ne, yana kuma iya bayanin karyewar darajar sefa ta 1994 da Faransanci mai kyau. Amma a ce masa kwanon awo uku na gero a riyal 170 kowanne, sai ya gyara tabarau ya nemi biro.

Akwai wani rukuni da cutar ba ta kamawa, wato tsofaffin mata masu sayar da busasshen kifin kogin Chari da kuɓewa da gyaɗa. Yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba, amma sukan haɗa kuɗin mutum huɗu a ka, su cire bashin makon jiya, su kwance bakin zane su miƙo canji kafin wayar yaro ta gama kunnuwa.

Ƙarancin tsaba yana ƙara wa ciwon zafi. Da zarar an ji "ma fi", wato babu, sai a koma ga kuɗin da BEAC bai buga ba: alewa, ashana, dunƙulen magi, ko kuma "gobe ka karɓa". Wannan na ƙarshe ba a taɓa jin wanda ya kashe shi ba. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓan birnin, yana da tasa dabarar: yakan yi ta lalube a aljihu har fasinja ya gaji ya ce ya bar shi.

Babbar ƙa'idar cutar ita ce kuskure yana da alƙibla. Mai kantin da ya kasa cire 1,050 daga 2,000 ba ya taɓa mayar da 1,950. Mai sayen da ya rantse kansa ba ya ɗaukar lissafi, idan aka yi masa ƙarin 100 a canji, yakan gane a take, ya dunƙule hannu, ya ƙara sauri. Ke nan jahilcin na gaske ne, amma ya san hanyar gida.

Magani iri biyu ne. Na zamani shi ne biya ta Airtel Money ko Moov Money, wanda ke kawar da rigimar canji ya haifar da ta kuɗin cirewa da ta sifilin da yatsa ya ƙara. Na gargajiya ya fi inganci: mutum ya haddace ninkin biyar, ya tambaya tun farko ko riyal ake nufi ko sefa, ya ƙirga canjinsa a gaban mai kaya ba tare da jin kunya ba. Wanda duk wannan ya gagare shi, sai ya riƙa zuwa kasuwa da kakarsa.