Bazazzagi, An Yi Fim Ɗinka a Shanghai

Bawana na Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labari ya iso Kano, kuma daga bakin jikokinka ya fito, don haka ba ka da wanda za ka kira maƙiyi. Wai kai da kake korar su daga gaban talabijin kana cewa katun aikin marasa aikin yi ne, an kama ka ka cire hula, ka miƙe ƙafa, kana kallon Ne Zha na biyu har ƙarshe. Suka ce da aka zo inda uwar yaron ta rungume shi a cikin tukunyar wuta tana yi masa bankwana, sai ka ce yaji ne ya shiga idonka. Malam, wa ke dakan yaji a falo?

Ban ga laifinka ba, jini ne ya ja. Abin da ba a koya maka a Samaru ba shi ne, Sinawa sun daɗe suna shirya fim a kanku, suna dai sakaya suna don kara.

Tushen abin wani littafi ne na ƙarni na 16, Tafiya Zuwa Yamma, wanda ake dangantawa ga Wu Cheng'en. Ƙashin bayansa gaskiya ne: wani malamin addinin Buddha mai suna Xuanzang ya bar ƙasar Sin wajen shekarar 629 ya nufi Indiya neman littattafai, bai dawo ba sai 645. Na san a nan za ka gyara zama ka ce ai malamin nan shi ne Bazazzagi. Sannu. Masu tatsuniya sun haɗa malamin da wani biri, Sun Wukong, wanda dutse ya fashe ya haife shi, kuma birin ne ya ƙwace labarin kacokan. Shi nake nufi.

'Yan gidan Wan, wa da ƙanne, su suka fara sa shi a dogon fim na zane a Shanghai a 1941, ana tsakiyar yaƙi da Japan, a fim ɗin gimbiya mai mafecin ƙarfe. Daga baya babbansu, Wan Laiming, ya yi wanda har yau ake tsorata masu zane da shi, Tarzoma a Sama, kashi na ɗaya a 1961, na biyu a 1964, duk da hannu aka zana, da kiɗan ganguna da kwalliyar fuska irin ta wasan dandalin Beijing. Saurari abin da ke ciki, ka gaya mini ko ƙarya na yi maka.

Birin ya je gidan Sarkin Dodannin Tekun Gabas neman makami. Aka kawo wannan ya ce bai yi nauyi ba, aka kawo wancan ya yatsina fuska. Ƙarshe ya ɗauke wani ginshiƙin ƙarfe da ya haura tan 6, ya ce masa ƙanƙance, ya koma kamar allura, ya soke a kunne ya yi gaba. Har yau mai kaya na jira. Duk wanda ya taɓa ba Bazazzagi aron littafi ya san wannan zaman jiran. Kuma kada ka ce mini sarkin dodannin mai taskar dukiya Bakano ne, na riga ka, na karɓa. Shi ne mai kayan, kai ne mai aro.

Da ƙara ta kai fadar Sarkin Sama na tatsuniyarsu, wani dattijon fada mai wayo ya ce kada a yi yaƙi, irin wannan rawani ake naɗa masa ya kwanta. Aka kira shi aka ba shi sarauta. Ya yi ta murna yana kiwon dawaki, yana taƙama. Rannan ya gano ashe ɗan barga aka naɗa shi, muƙamin da ko a jerin masu daraja ba ya ciki. Ya kifar da tebur, ya koma dutsensa, ya kafa tuta, ya naɗa kansa Babban Masani Tsaran Sama. Ba mai zaɓen sarki, ba takardar gwamna. Fada ta ga rigimar ta yi yawa, ta ce a bar masa sunan, tunda suna ba ya cin albashi, aka haɗa masa da gadin lambun 'ya'yan itacen da ke hana mutuwa. Ya cinye nunannun. Abin da ya tayar da tarzomar gaba ɗaya kuwa, walima aka shirya, ya tambayi jerin waɗanda aka gayyata, bai ji sunansa ba. Saboda katin gayyata ya shanye abin shan biki, ya haɗiye maganin wani tsoho, ya yaƙi rundunar sama. Yanzu fisabilillahi, a garin da gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowa ka taɓa jikan sarki ne, wa zai kalli wannan bai tuna wani kawunsa ba?

Wan Laiming ya rufa muku asiri, ya tsayar da fim ɗin a inda birin ya ragargaza fada yana dariya. A littafi, an dafa shi kwana 49 a tanderu bai mutu ba, sannan ya yi alfahari da tsallensa, ya kasa fita daga tafin hannun Buddha, aka kifa masa dutse shekara 500.

Shi kuwa Ne Zha da ya sa ka hawaye, daga wani tsohon littafin ya fito, Fengshen Yanyi, kuma asalin labarinsa ba na zaman falo da jikoki ba ne. Yaro ne da ya shekara uku da rabi a ciki, ya kashe ɗan sarkin dodanni, ya zare masa jijiya, da dodanni suka zo ɗaukar fansa a kan gari ya kashe kansa don ya fanshi iyayensa. Fim ɗin 1979 na Shanghai bai ɓoye takobin da ya kashe kansa da shi ba. A 2019 wani mai shirya fim daga Sichuan, Yang Yu, da aka fi sani da Jiaozi, ya juya labarin: yaron ya zo duniya da tambarin shaiɗanci bisa kuskuren malaminsa da ya bugu, gari ya tsane shi tun bai yi laifi ba, uwarsa sai ta sa sulke kafin ta yi wasa da shi, uban kuma ya je a ɓoye yana neman a ɗauki ransa a bar na ɗan. A ganina nan ne dabarar take. Bai zubar da dodanni da wutar da kakanni suka bari ba, ya fi taɓa uba da uwa, sai ga iyaye sun fi 'ya'yan neman kujera a silima.

Na biyun ma bai bar ku ba. Kusan rabinsa jarrabawa ce, gwaji uku don a ba mutum 'yar lamba ta shiga sahun manya, ga kuma Shen Gongbao, damisa mai i'ina, ya fi kowa ƙwazo amma ƙarin girma ya ƙi zuwa saboda asalinsa. Na tabbata a nan ka fara share ido, ka fake da uwar.

Shi Jiaozin nan ilimin harhaɗa magunguna ya karanta, ya ajiye, ya zauna gida fiye da shekara uku yana koyon zane a kwamfuta, suna cin ɗan fanshon mahaifiyarsa. Da ɗanka ne, da tuni ka tara dangi daga Tudun Wada har Kwarbai an yi masa taron dangi. To, fim ɗinsa na 2019 ya tara sama da dala miliyan 700. Na biyun, da ya fito ranar 29 ga Janairu 2025 a bikin sabuwar shekararsu, ya haura dala biliyan 2, ya ture Inside Out 2 na Amurka ya zama katun da ya fi kowane kawo kuɗi a tarihi, kuma kusan duka a cikin ƙasar Sin aka tara. Tatsuniyar kaka ce fa aka sa wa farashi. Kai ka kalla ka ga darasi, ka tara yara ka yi musu lacca har suka yi barci. Ni da na ji adadin, biro na ɗauko na buga lissafi da naira, takardar ta ƙare sifili bai ƙare ba. 'Yan Caina da ke Kantin Kwari sun san garin da za su sauke kaya ba tare da an yi musu jawabin maraba na awa biyu ba.

Saura maganar bashi. Kuɗin sharar bara ba ka aiko ba, Muharram kuma na tafe. Ka haɗa da na bana, ka ɗora kuɗin wannan karatu da na yi maka kyauta. In kuma aljihu ya yi sanyi, faɗa mini, zan sa a naɗa ka Sarkin Katun na Zazzau. Albashi babu, amma za a buga sunanka a kati.