Bindigar Kakan Banufe

Bawana, ɗan Bida, ɗan gidan kifi da shinkafa. Labari ya iske ni har Bosso cewa ka samu sabuwar sana'a. Wai tun da ka sayi babbar waya ka fara kallon Turawan Amurka masu tara tsofaffin bindigogin soja, kunnen kowa bai ƙara hutawa a majalisarku ta Tunga ba. Kai ne mai bambance ta Jamus da ta Rasha, kai ne mai faɗin shekarar ƙira daga ganin hoto. Har an ce ka shiga sahun masu tarawa, alhali duk abin da ka tara hotuna ne a waya, sai wani ƙarfe ƙwaya ɗaya da ke rataye a zauren gidanku na Bida, wanda kake rantsuwa kakanka ne ya dawo da shi daga yaƙin Bama. To hoton ya zo hannun ubangidanka Bakatsine, kuma ilimantar da bawa hakki ne a wuyan ubangida. Gyara zama.

Zuwan kakanka Bama ban musa ba. Mutanenmu sun je, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, sun sha ruwan sama da sauro a kwarin Kaladan da Arakan, sun kori Japanawa daga Myohaung a watan Janairun 1945. Sunayen barikokinmu ma shaida ne: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Ko harsashi kakanka ya harba ko tukunya ya ɗauka, wannan tsakaninsa da Allah, amma ni da na san Nufawa da son kusantar murhu ina da zatona. Abin da na sani shi ne ranar sallama soja yakan miƙa bindigarsa ma'aji a ƙirga. Mazan jiya sun dawo da lambobin yabo da takalma sau-ciki da labarai, kuma labaran ne kawai suke ƙara tsawo kowace shekara.

Bindigar da suka riƙe kuwa Lee-Enfield ce ta Ingila, mai cin harsashi goma na .303, kuma ba ta ɓuya. Iri biyu ne suka fi yawa. Tsohuwar, ta 1907, katako ya rufe bututunta har baki, shi ya sa take da ɗan guntun hanci. Ƙanwarta, Lamba 4, wadda ta bazu daga 1941, bututunta ya ɗan zarce katako, kuma ramin saitinta yana can baya kusa da idon maharbi. Dattawan Minna ba sa buƙatar littafi kafin su gane ta, don sun daɗe suna ganinta a kafaɗar ɗan sanda, ita ce ake cewa Mak 4. Sannan kowace tana ɗauke da shaidar haihuwarta a jikin ƙarfe: kambin sarauta ko wata 'yar kibiya mai buɗaɗɗen kai, alamar kayan gwamnatin Ingila, da shekara, da lamba, da harafin masana'anta. A nan ne masu tarawar gaske suke ɓata dare, don bindiga iri ɗaya ce amma uwayenta da yawa. Akwai ta Fazakerley da Maltby a Ingila, akwai ta Long Branch a Kanada, tsohuwar kuma an ƙera ta har a Lithgow ta Ostireliya da Ishapore ta Indiya. Kamfanin Savage na Amurka ma ya ƙera ta lokacin yaƙi, ya buga mata rubutun da ke cewa dukiyar gwamnatin Amurka ce, aka kuma miƙa wa Ingila da sunan aro.

Yanzu mu dubi taka. Na buɗa hoton har ya fara dishi-dishi, ban ga kambi ba, ban ga kibiya ba, ban ga lamba ko ɗaya ba. Na dai ga laya guda biyu, da wuri uku, da wayar da aka ɗaure bututun da ita. Wurin sa harsashi babu shi sam, ta baki ake ɗura mata albarushi a danna da sanda. Bawana, wannan adaka ce, bindigar toka, harba-ka-ruga. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce daga maƙera zuwa fadamar shinkafa korar gwaggon biri.

An ce da aka matsa maka a majalisa sai ka sauya baki, ka ce to ai ta fi Bama tsufa, da ita aka tare Turawa a Bida. Nan ka ɗan matso kusa da gaskiya ba da saninka ba. Ƙasar Nufe ta taɓa zama ƙofar bindiga ta wannan yanki. Etsu Masaba, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, ya riƙe cinikin bindiga da albarushi da Turawan da ke hawo Kwara da jiragen ruwa, ya kuma tsare kada kayan su wuce arewa sai ta hannunsa. Amma a watan Janairun 1897, da Goldie ya zo da sojan kamfaninsa kimanin ɗari biyar, da bindigogi masu jigida ƙirar Maxim, da igwa, dubban dawakin Etsu Abubakar ba su iya tare su ba. Mai adaka yana ɗura ta farko, mai jigida ya zubar da ɗaruruwa. Kuma ka riƙe wannan da kyau: da yawa daga cikin sojan nan da suka shiga garinku Hausawa ne.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce ku dai kun yi faɗa, mu Katsinawa kuwa da Lugga ya zo a 1903 ƙofa muka buɗe masa. Ƙwarai kuwa. Mu masu karatu ne, mun ji abin da ya samu Bida, mun ji na Kano da Sakkwato, muka yi lissafi. Shi ya sa Gajere, takobin Korau, yana nan a fada har gobe, ba mu kuma taɓa cewa daga Bama aka kawo shi ba.

Sauran ilmin da kake baje wa mutane ma yana buƙatar wanki. Mauser ta Jamus harsashi biyar take ci, a cikin cikinta, ta zamanin Hitila kuma da tambarin mikiya. Mosin ta Rasha tun 1891 take, doguwa ce, in ka ga tauraro a kanta ta Tula ce, in kibiya ce cikin kusurwa uku ta Izhevsk ce. Ta Faransa, MAS-36, wadda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka ɗauka a sojan Faransa, hannun ɗana ta ya karkata gaba, kuma ba a yi mata makulli ba ko kaɗan, wato ba irin wadda za a ba Banufe riƙo ba ce. Bayan mulkin kai sojanmu sun riƙe FN ta Beljiyam da G3 ta Jamus, masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 kuma ta ƙera BM59 da izinin Beretta na Italiya. Kai kuwa an ce duk wadda aka nuna maka mai lanƙwasasshen gidan harsashi sai ka ce AK-47 ta Rasha, alhali da yawansu 'yan Sin ne, ana gane su da tsinin sukan da ke naɗe ƙarƙashin bututu.

A nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci. Wannan sanin da kake nema don nishaɗi, akwai waɗanda suka same shi ba da son ransu ba. Manomi a Shiroro ko Rafi ko Munya yau yana bambance ƙarar AK da ta adakar ɗan banga cikin dare, daga nan yake sanin ko ya kwanta ko ya kwashi yara ya shiga daji. In irin waɗannan suna majalisa, ka rage murya.

Sai kuma abin da Turawan wayarka ba su gaya maka ba. Su dokarsu ta yarda mutum ya jera bindigogi a bango. Tamu, Dokar Makamai ta 1959, ta ambaci bindigar soja mai .303 da mai 7.62 cikin haramtattu, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Tsufa ko tsatsa ba sa wanke ta. Da a ce ƙaryarka gaskiya ce, da yanzu ni ne ke ɗauke da kwanon tuwo ina neman izinin ganinka a gidan yari. Ka gode wa maƙerin Bida da ya cece ka. Ita adakar ma ana iya neman takardar izininta, kuma ina da tabbacin kakanka bai bar maka ko ɗaya ba. Ga shi ka zaɓi Minna, garin sojan TRADOC da birged ta 31, garin janar-janar biyu da suka mulki ƙasar nan, a nan ka ga ya dace ka zama malamin bindiga.

In da gaske kake son gani da ido, gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana nan, kuɗin mota kawai za ka nema. Kafin nan ga hukuncin ubangida. Ranar Asabar ka same ni a Kasuwar Kure da tiya biyar ta shinkafar Badeggi da busasshen kifi manya guda uku, tarar ƙaryar Bama. Ta 1897 kuma na yafe maka rabi, ka kawo tiren tagulla ɗaya. Adakar ka bar ta inda take, kada ka ɗauko ta ka ce za ka gwada mini, don Banufe ɗaya gare ni kuma ban shirya sayen wani ba.