Lasagne da Gyatsar Saniya

Sanyin Disamba a Jos kan sa uwargida kwaɗayin abu mai zafi, wata har ta hango lasagne, taliyar Italiya da ake jerawa hawa-hawa da niƙaƙƙen naman sa, miyar tumatir da cuku, a gasa a obin.

A batun ɗumamar duniya, tumatir dai ba ruwansa, ga shi kwando-kwando a kasuwar Farin Gada. Mai laifin tana can Kara ta Bukuru tana tuƙa, ko a jikinta. Duk gyatsar da saniya ta yi, iskar methane take saki, wadda ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi. Binciken Poore da Nemecek na 2018 ya ƙiyasta cewa kilo ɗaya na naman sa kan jawo kimanin kilo 60 na iska mai ɗumama duniya, dankalin turawa, abin alfaharin Bokkos, ko kilo 1 bai kai ba. Cukun ma daga nonon saniyar ne, ashe sau biyu ta shiga tire.

Aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, janareta ya zuba nasa kason. Mai tsiren bakin layi, yana fifita garwashi, ya leƙa tiren ya ce, "Hajiya, masar Turawa ce?"